Darbejiya da Lambatu: Tarihin Gefen Hanya a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya bi tsofaffin titunan Maiduguri, ko unguwar Nasarawa ta Kano, ko hanyoyin da suka ratsa Katsina da Sakkwato da Damagaram, zai ga jerin darbejiya da madaci waɗanda suka girmi mafi yawan masu wucewa ta ƙarƙashinsu. Babu mai ba su ruwa, babu kason da ake ware musu a kasafin kuɗin shekara, hukumar da ta dasa su ma an daɗe da rushe ta, amma ga su nan tsaye suna ba da inuwa. Idan ya ƙara gaba ya hau sabon tagwayen titi, zai tarar da tsakiyar hanya an ɗaga ta da siminti, an cika ta da ƙasa, an dasa furanni gab da ranar buɗe aiki, kafin bazara ta biyu sun zama kara. A gefe kuma ga lambatu cike da yashi da leda, yana jiran ruwan Agusta ya zo ya tumbatsa. Mutane kan ɗauki waɗannan a matsayin matsaloli biyu, ɗaya ta masu kula da ƙawata gari, ɗaya ta injiniyoyi. Tarihin gefen hanya a ƙasar Hausa yana nuna cewa matsala ɗaya ce. Shukar da ta daɗe a bakin titi ita ce wadda ta sha ruwan da titin ya zubar, magudanar da ta daɗe kuma ita ce wadda ke da ƙasa da saiwa a cikinta. Tun da aka raba bishiya da ruwan hanya, kowannensu ya koma abin da sai an yi masa hidima kullum, alhali hidimar kullum ita ce abin da hukumominmu suka fi gazawa a kai.

Kafin zuwan mota, birnin Hausa yana da yadda yake yi da ruwan sama, ko da kuwa ba wanda ya zauna ya zana shi a takarda. Ruwa ya sauka a kan soro, indararo ya watso shi nesa da bango don kada ya ci gindin gini, ya bi kwata ya fita lungu, lungu ya miƙa shi ga kududdufi. Shi kududdufin ba don ruwa aka haƙa shi ba. Magina ne suka ɗebi ƙasar tubali da ta yaɓe shekara bayan shekara har wurin ya zama rami, kuma da yake ba a son ɗaukar ƙasa daga nesa, kowace unguwa ta samu nata a kusa. Sakamakon haka sai gari ya cika da ramuka masu karɓar ruwa a daidai inda gine-gine suka fi yawa, wato inda ruwan ya fi gudu. Clapperton da ya shiga Kano a 1824 da Barth da ya zo a 1851 duk sun yi bayanin fadamar Jakara da ta ratsa birnin kusa da kasuwar Kurmi, da tafkunan da ke warwatse cikin ganuwa, kuma ba su yabe su ba, domin sun ga ƙazanta sun kuma sha zazzaɓi. Gaskiyarsu ce. Kududdufi ya ci yara, ya tara shara, ya hayayyafa sauro. Sai dai yana yin wani aiki da matafiyi ba zai lura da shi ba: yana riƙe ruwan malka na sa'a guda ya sake shi cikin makonni, wani ya bi iska, wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyin gidajen da ke kewaye. Bishiyoyin wancan zamani kuwa, durumi da cediya da tsamiya, ba a jere suke a bakin hanya ba. Suna ƙofar gidan mai unguwa, da bakin kasuwa, da zangon fatake, kowace da mutanen da ke zama a inuwarta, waɗanda ba za su bari a sare ta ba.

Jera bishiya a bakin hanya ya zo ne tare da titin mota. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan aka shiga buɗe hanyoyin burji domin manyan motoci su kai gyaɗa da auduga tasha. Injiniyoyin da suka yi wannan aiki sun taso ne a kan koyarwar John McAdam, ɗan Sikotlan da ya rasu a 1836, wanda ya tsaya a kan cewa ƙasar da ke ƙarƙashin hanya ita ke ɗaukar nauyin kaya, kuma za ta ɗauka muddin ba ta jiƙe ba. Saboda haka aikin farko na mai gina hanya shi ne korar ruwa. Ana yi wa titi doro a tsakiya domin ruwa ya gangara hagu da dama, a haƙa rami mara zurfi a kowane gefe, bayan ɗan taƙi a yanka masa wata 'yar hanya da za ta karkatar da ruwan zuwa daji ko gona, inda ya zama dole kuma a sa kwalbati. Babu kuɗin siminti, don haka ramin na ƙasa ne, damina na sauka ciyawa ta rufe shi. Bayan ramin ne ake dasa bishiya. Lissafin abin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Titi mai faɗin mita 7 da tsawon kilomita 1, idan aka yi ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, ya karɓi lita 210,000. A wuri kamar Kano, inda ake samun wajen milimita 800 a shekara, jimillar ta haura lita miliyan 5. Kaso mai yawa na wannan ruwa yana gangarowa gefe, musamman bayan an zuba kwalta. Bishiyar da ke bayan ramin tana samun ruwan da ya ninka na 'yar'uwarta da ke tsakiyar gona, ba tare da wani ya ɗauki bokiti ba.

Ita darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya ce da maƙwabtanta, inda dasa inuwa a bakin hanya tsohuwar al'ada ce, domin sarki Ashoka ya sa an rubuta a jikin duwatsu, fiye da shekara 2,200 da suka wuce, cewa ya dasa bishiyoyi ya haƙa rijiyoyi saboda matafiya da dabbobinsu. Ta shiga ƙasar da ake kira Gana yanzu a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, sannan aka gwada ta a lardin Barno a 1928. Daga nan ta bazu yamma da arewa har ta zama kamar 'yar gida. Dalilan da suka sa ta yi nasara su ne ainihin darasin. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, don haka tana jure dogon rani. Ba ta zubar da ganye duka a bazara, lokacin da aka fi bukatar inuwa. Ɗacin ganyenta yana rage mata ɓarnar dabbobi, ko da yake akuya da raƙumi ba sa ƙyale ta idan yunwa ta yi yunwa. Idan aka sassare ta tana tohowa, gara ba ta cika damun itacenta ba, tsuntsaye da jemagu kuma suna yaɗa irinta kyauta. Madaci ɗan ƙasa ne kuma ya fi ta kwarjini, amma ya fi ta son danshi, sannan masu neman magani suna ɓare masa ɓawo har ya bushe a tsaye. Alhazanmu sun san cewa ko a filin Arfa darbejiya aka zaɓa aka dasa da yawa, kuma zaɓin ba na banza ba ne.

Mai ja zai ce wannan sauƙi da ake faɗa ruɗi ne, domin an ɓoye kuɗinsa a cikin gumin talaka. Maganarsa tana da nauyi. Hanyoyin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin mulkin mallaka, ta hannun hakimai da dagatai ake gyara su, kuma sau da yawa mutanen da aka tattaro ba da son ransu suka zo ba. A ɓangaren da Faransa ta mulka aikin tilas doka ce a fili, ba a soke shi ba sai 1946. Wani ne ya haƙa ramin dashen, ya kewaye shi da ƙaya, ya yi ta jido ruwa a rani, kuma ba lallai an biya shi ba. Babu mai hankalin da zai nemi a koma wannan. Amma a lura da inda wahalar take. Dashen darbejiya yana bukatar kulawa a raninsa na farko da na biyu, wataƙila da na uku, daga nan ya tsaya da ƙafarsa shekaru masu yawa. Hujjar kuwa tarihi ya riga ya kawo ta. An yi farin 1973, aka sake yin na 1984. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, sansanonin leburorin hanya suka watse, kuɗin man fetur ya zo ya tafi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma da miyar ta ƙare jerin bishiyoyin nan na cikin abubuwa kaɗan da suka rage ba su lalace ba. A Nijar ma an sake gwada wannan hali nata a kwarin Majiya da ke jihar Tawa, inda tun daga 1975 aka dasa ɗaruruwan kilomita na darbejiya layi biyu-biyu domin tare iska, manoma suka ci gaba da amfana da su bayan masu aikin sun tafi.

Lambatun siminti ya samu karɓuwa ne saboda dalilai na gaske. Tun da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ɗauki duk ruwan da ke kwance a matsayin abokin gaba, kuma duba-gari ya shiga gida-gida da wannan aƙida. Garuruwa suka cika, filin da za a bar wa rami mai faɗi ya yi tsada. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, sai aka samu halin yin abin da aka daɗe ana so, wato a kama ruwan a sa shi cikin siminti a fitar da shi daga gari da gaggawa. Abin da ba a lissafa ba shi ne halin ƙasarmu. Wata bakwai ko takwas ba ruwa, iskar hunturu tana zuba ƙura, lungunan da ba a yi wa kwalta ba suna turo yashi a ruwan farko, daga baya kuma leda ta zo ta zama murfi. Lambatu ba ya shan ko ɗigo. Aikinsa ya dogara kacokan ga zamansa a buɗe, zamansa a buɗe kuma ya dogara ga a yashe shi kowace shekara a kuma kwashe abin da aka yaso kafin ruwa ya mayar da shi. Inda ya yi aiki yadda ake so ma, yana tara ruwan unguwanni da yawa ya ƙara masa gudu ya juye shi wuri guda, kuma yawancin kwazazzaban da ke cin bayan gari akan samu bakin wata magudana ko kwalbati a kansu. A daidai wannan lokaci bulo ya maye gurbin tubali, kududdufi ya rasa dalilin zamansa a idon mutane, aka rinƙa cike shi da shara ana yanka filaye. An rage wuraren da ruwa ke tsayawa, an ƙara kwalta da kwanon rufi da daɓen siminti da ke hana shi nutsewa.

Tsakiyar tagwayen hanya ita ce inda rashin dabarar ya fi fitowa fili. An gina ta sama da titi, an kewaye ta da siminti, ta yadda ko ɗigon ruwan kwalta ba zai shiga ba. Ƙasar da ke ciki sau da yawa ragowar burji ce da injin ya daddanne. A nan ake dasa furen da ke son ruwa kullum, a sa tanka ta riƙa zagayawa, ko a ja famfo daga burtsatse. Watau a damina ana biyan kuɗi a kori miliyoyin lita daga titi, a rani kuma a biya kuɗi a kawo ruwa wurin da aka kore shi. Ran da tanka ta lalace ko aka sauya gwamnati, shukar ta mutu, sai a ce mutanenmu ba su san darajar ƙawa ba, a rufe wurin da intalok. Laifin na zane ne tun daga tushe. Gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA a 2002 saboda an yarda cewa gina hanya ya fi kula da ita sauƙi a wurinmu. Wanda ya yarda da haka ya kamata ya zana gefen hanyar da zai rayu ko an manta da shi.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi sun iso wannan matsaya ta hanyarsu. Ma'aikatar hanyoyi ta jihar Texas a Amurka ta ɗauki masanin tsara filaye Jac Gubbels aiki a 1932, kuma daga 1934 ta hana yankan ciyawar bakin titi sai furannin daji sun zubar da iri, abin da ya rage aiki ya kuma riƙe ƙasa. Birnin Seattle, shi ma a Amurka, ya sake gina wani titi a 2001 ba tare da dogon lambatu ba, ya sa ramuka masu faɗi da shuke-shuke a gefe, da aka auna sai aka ga kusan duk ruwan yana nutsewa a wurin. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na yankin Tigray a Habasha, inda tun wajen 2014 ake karkatar da ruwan kwalbati da na gefen hanya zuwa gonaki da ramukan tara ruwa. Ba ma sai an je nesa ba. Manoman Illela da Keita da sauran ƙasar Adar sun farfaɗo da fako ta hanyar tassa da ramukan rabin wata, waɗanda hikimarsu ita ce a dasa shuka a ƙasa da inda ruwa ke gudu. Abin da manomi ya gane a gonarsa shi ne injiniya ya juya a tsakiyar titi.

Akwai ƙorafe-ƙorafen da dole a amsa. Na farko sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ana bukatar kusan mako guda ko fiye, ramin ciyawa da aka yi daidai kuwa a ƙasa mai yashi yana shanye ruwansa cikin kwana biyu ko uku. Lambatun da ya toshe shi ne ke riƙe baƙin ruwa wata da watanni. Amma inda ƙasa laka ce, kamar firgin Barno, ruwa ba ya nutsewa da sauri, kuma a can dole a haɗa da magudana. Na biyu, ana cewa ruwanmu yana sauka da ƙarfi lokaci guda, ba ramin ciyawar da zai shanye shi. Haka ne, kuma a tsakiyar Sabon Gari ko Fagge ba mai cewa a fasa lambatu. Aikin ramin shi ne ya shanye ƙananan ruwa gaba ɗaya, ya rage wa babba gudu, ya tace yashi kafin ya kai ga siminti, abin da ya yi saura ya wuce ta kwalbati. Na uku shi ne tsoron McAdam, kada ruwa ya jiƙa ƙarƙashin kwalta. Maganinsa tazara da zurfi: gindin ramin ya kasance ƙasa da shimfiɗar titi kuma nesa da ita, haka ma bishiya, don kada saiwa ta ɗaga daɓe. Na huɗu haɗari. Bishiyar da aka dasa a zamanin da mota ke tafiya a hankali ta zama abin tsoro ga mai gudun kilomita 100, shi ya sa tun shekarun 1960 injiniyoyin Amurka suka ba da shawarar a bar wajen mita 9 babu abu mai tauri a gefen babbar hanya. Wannan ya nuna cewa tsakiyar babbar hanya wurin ciyawa ne da gajerun itatuwa, manyan bishiyoyi kuma su ja baya. Cikin gari, inda gudu ya ragu kuma masu tafiya a ƙasa suka fi yawa, inuwa ta fi rinjaye.

Ita kanta darbejiya ba ta dace da ko'ina ba. Ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi, don haka wurinta kafaɗar rami, ba cikinsa ba. Cikin ramin akwai 'yan ƙasa da suka saba da jiƙa da bushewa: jema, wadda saiwarta ke nutsawa ta ɗaure ƙasa kuma manoma sun daɗe suna yin iyakar gona da ita a fadama, da gamba a inda ya fi tudu, da kiri-kiri mai shimfiɗa. Bagaruwa da giyayya suna jure ambaliya ta ɗan lokaci. Dogaro da iri ɗaya ma kasada ne. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ƙwari da wata cutar bushewa sun kama darbejiya a yankin tafkin Chadi da Nijar, hankalin malaman daji ya tashi domin garuruwa da dama ba su da wata inuwar. Sudan kuma ta shigo da wata ƙayar nahiyar Amurka mai jure fari, ta mamaye gonaki da hanyoyin ruwa har gwamnati ta ba da umarnin a tumɓuke ta a 1995. Shukar da ba ta bukatar kulawa tana iya zama wadda ba ta jin magana, don haka a fara duba abin da ke tsirowa da kansa a dajin yankin kafin a aika neman iri daga waje.

Saura batun mai shi. Durumin ƙofar gida ya rayu saboda akwai masu zama a ƙarƙashinsa, kuma darbejiyar bakin titi da ta tsira daga gatari yawanci za a tarar da mai shayi ko mai faci ko 'yan acaɓa a gindinta. Gamba tana da masu saƙa zana, bagaruwa tana da majema, ciyawar rami tana da masu kiwo da za su yanke ta ba tare da an biya su ba, in dai an ba su izini aka kuma hana ƙona ta. Fure ba shi da kowa sai ma'aikaci. Wurin da za a gyara wannan shi ne takardar kwangila. Bisa al'ada ɗan kwangila yana ɗaukar alhakin gyaran abin da ya lalace na shekara guda bayan miƙa aiki, dashe kuwa sai ya ga rani biyu ko uku kafin a san ya kama. Idan aka riƙe kuɗin shuka har zuwa rani na uku, aka biya bisa yawan waɗanda suka rayu, ɗan kwangilar da kansa zai nemi iri mai jurewa, ya sauke ramin dashe ƙasa da titi, ya bar ƙofa a jikin simintin domin ruwa ya shiga, saboda hakan ya fi masa araha a kan hayar tanka na shekara uku.